Esi a Gida: Yadda Ake Lissafin Abin da Yake Ci a Shekara

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A wannan ranar ce kuma hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane yunit. Daga baya an rage shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, aka sake ɗaga shi zuwa 209.50 a Yuli. Zafi yana ƙaruwa, wutar da za a kore shi da ita tana ƙara tsada. Magidanci a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya shiga tsaka mai wuya: in ya kunna esi kati ya ƙare, in ya kashe yara su kwana suna juyi.

Yawancinmu in za mu sayi esi abu biyu muke tambaya: nawa ne, kuma doki nawa ne? Tambaya ta uku, wadda ta fi su nauyi, ba a cika yin ta ba: nawa zai ci a shekara? Ga wanda ke rukunin A, kuɗin wutar shekara biyu yana iya zarce kuɗin sayen na'urar kanta. Amma lissafin ba wani abu ba ne da sai injiniya. Lambobi huɗu ne, kuma kowannensu yana cikin gidanka. Abin da ake bukata kawai shi ne a yi lissafin bisa yanayin ƙasarmu da irin wutarmu, kada a ɗauko na wata ƙasa a ɗora.

Wat da yunit

Mita ba ta san doki ba, yunit take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai wat 1,000 zai sha in ya yi awa guda yana aiki. Wat tamkar ƙarfin zubar famfo ne, yunit kuwa jarkar da ta cika. Famfo mai ƙarfi da aka buɗe minti biyu ba zai kai ƙaramin famfo da aka bari yana zuba yini guda ba. Don haka ƙarfin na'ura shi kaɗai ba ya faɗa maka komai sai ka haɗa shi da lokaci.

A kasuwa ana kiran esi da doki ɗaya, doki ɗaya da rabi, doki biyu. Wannan suna ne na girman sanyin da yake bayarwa. Mai doki ɗaya yakan kasance BTU 9,000, mai ɗaya da rabi 12,000, mai biyu 18,000. Wutar da yake ja daban ce, kuma tana rubuce a ƴar takardar da ke manne a gefen na'urar cikin ɗaki ko ta waje. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin lambobi biyu ne ke ɗauke da harafin W. Babbar, kamar 3,500W a mai doki ɗaya da rabi, zafin da yake iya kwashewa ne daga ɗaki. Ƙaramar, kamar 1,200W, ita ce wutar da yake sha, ita ce kuma ta lissafinmu. In ba ka ga wat ba sai amfiya, wato lamba mai harafin A, ninka ta da 230, za ka sami abin da ya yi kusa.

In ka raba babbar lambar da ƙaramar, ka sami ingancin na'urar. 3,500 a raba da 1,200 ya ba da kusan 2.9. Wanda ya ba da 3.5 ya fi wanda ya ba da 2.6 nesa ba kusa ba, ko da dokinsu ɗaya ne kuma kwalinsu iri ɗaya. A Ghana doka ta tilasta manna wa esi tambarin taurari don mai saye ya ga wannan bambancin da ido. In babu irin wannan tambarin, sai mutum ya duƙa ya karanta takardar da kansa. A matsakaici, esi marar inbata (za mu zo kan inbata a gaba) mai doki ɗaya yana jan wat 800 zuwa 900, mai ɗaya da rabi 1,100 zuwa 1,300, mai biyu 1,700 zuwa 1,900.

Awar kunnawa da awar aiki

Lamba ta biyu ita ce awannin da esi yake a kunne. Ta uku, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce kashi nawa na waɗannan awannin kwamfireso yake aiki. Kwamfireson da ke cikin na'urar waje shi ne mai cin wutar. Fankar cikin ɗaki ba ta jan abin a zo a gani. Esi marar inbata yana aiki da dukkan ƙarfinsa har ɗaki ya kai sanyin da aka sa a rimot, sai kwamfireso ya tsaya, in ɗakin ya fara ɗumi ya sake tashi. Wanda ya taɓa kwana kusa da na'urar waje ya san wannan ƙarar mai zuwa tana ɗaukewa.

A daren Afrilu, a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, kwamfireso yana iya yin kashi 80 cikin ɗari na lokacin yana aiki, wani lokaci ma ba ya tsayawa sam. A daren Agusta bayan an yi ruwa yana iya sauka zuwa rabi. Ba sai ka yi hasashe ba: zauna da agogo awa guda ka ƙirga mintocin da yake aiki. In minti 45 ne cikin 60, kashi 75 ke nan.

Lamba ta huɗu ita ce farashin yunit. Kada ka dogara da wanda ka ji a rediyo. Ɗauki rasitin katin da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. Wannan zai haɗa har da harajin VAT na kashi 7.5, da duk wani tsohon bashi da ake cirewa. Naira 209.50 in aka ɗora mata haraji tana komawa kusan naira 225.

Tsarin ke nan: kilowat, sau awanni, sau kason aikin kwamfireso, sau kwanaki, sau farashi.

Yanayi huɗu ne a cikin shekara

Kuskure mafi girma shi ne a ɗauki rana ɗaya a ninka da 365. Wanda ya yi lissafi da Afrilu zai tsorata ya fasa saye, wanda ya yi da Janairu zai ɗauka kyauta ce. Shekararmu ta kasu bazara, damina, kaka da hunturu, kuma kowanne da irin cinsa. Bari mu ɗauki misalin ɗakin kwana guda a Kano, da esi marar inbata mai wat 1,200, wato kilowat 1.2. Awannin da ke ƙasa misali ne, kowa ya sa nasa.

Bazara, Maris zuwa Mayu, kwana 92. A ce awa 10 a rana, awa takwas da dare, awa biyu da azahar, kwamfireso na aiki kashi 80. Yunit 9.6 ke nan a rana, 883 a wata ukun.

Damina, Yuni zuwa Satumba, kwana 122. A ce awa 6, kashi 60. Yunit 4.32 a rana, jimilla 527. Zafin ya ragu amma gumi ya ƙaru, kuma cire laima daga iska ma aiki ne da ke cin wuta.

Kaka, Oktoba da Nuwamba, kwana 61. Oktoba yana da nasa zafin bayan ɗaukewar ruwa, Nuwamba yana saukowa. A ce awa 5, kashi 60: yunit 3.6 a rana, jimilla 220.

Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Bargo ake nema. A ce kwana 15 kawai a ƙarshen Fabrairu, awa 4, kashi 50: yunit 36.

In aka tara, yunit 1,666 a shekara. A kan naira 225, kusan naira 375,000 ke nan. Wanda ya ninka awa 10 da kwana 365 ba tare da hutun kwamfireso ba zai sami yunit 4,380, kusan naira 985,000, fiye da ninki biyu da rabi na abin da lissafin yanayi ya bayar.

Akwai abin lura a cikin waɗannan lambobin. Fiye da rabin kuɗin shekara, kusan naira 199,000, yana faɗowa ne a wata uku na bazara. Afrilu kaɗai yunit 288 ne, wajen naira 65,000, ban da firji da famfon rijiya da dutsen guga. Nauyin esi ba a shimfiɗe yake ba, a dunƙule yake zuwa. Wanda ya raba 375,000 gida goma sha biyu, ya riƙa ware wajen naira 31,000 tun daga hunturu, bazara ba za ta zo masa a ba-zata ba.

Wutar wa kake sha?

A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, lissafi a nan yake ƙarewa. A wajenmu nan ne ma ya fara. NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa mafi ƙarancin awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4. Ƙarin 2024 ya faɗa kan rukunin A ne, sauran suka ci gaba da samun tallafi. Sai mutumin rukunin C ya ga kamar shi ne mai sa'a. Mu duba.

A ce yunit ɗinsa naira 70 ne har da haraji. Da duk yunit 1,666 daga mita za su fito, naira 117,000 kawai zai kashe. Amma awa 12 ɗin da ake ba shi ba shi ke zaɓen lokacinsu ba, kuma a bazara, lokacin da kowa ke bukata, a lokacin wuta ta fi ƙaranci. A ce kashi biyu cikin uku ya samu daga layi, ɗaya daga janareta. Na layin yunit 1,110, naira 77,700. Saura yunit 556.

Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, amma ƙaramin janareta kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka yake iya mayarwa wuta, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Lita ɗaya takan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. Mu ɗauki 1.8. In lita tana naira 900, yunit ɗin janareta naira 500 ne, fiye da ninki biyu na rukunin A. Yunit 556 sun zama lita 309, wajen naira 278,000. Jimillar mai rukunin C ta kai kusan naira 356,000, ban da baƙin mai da fulogi da ladan mai gyara. Ya kusa kamo mai rukunin A, da ƙarin ƙara da hayaƙi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya daina zama mafita mai araha ga esi.

Hanya mafi gaskiya ta lissafin janareta ita ce ta lita, domin yana shan mai ko kwamfireso na hutawa. Cika tanki, ka kwana da esi, da safe ka ga lita nawa za ta sake cika shi. A kuma tuna cewa esi marar inbata yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi, shi ya sa yake bukatar janaretan da ya fi ƙarfin wat ɗin da ke rubuce a jikinsa, kuma babban janareta mai ɗauke da ƙaramin kaya ɓarnar mai yake yi.

Sola ma ba kyauta ba ce, kuɗin shekaru ne ake biya gaba ɗaya. Rana ba ta yi mana rowa ba: faifan sola na kilowat ɗaya yana iya ba da yunit 4 zuwa 5 a rana a arewa. Matsalar ita ce esin ɗakin kwana da dare ake bukatarsa. A misalinmu awa takwas na daren bazara yunit 7.7 ne, alhali batirin lithium da ake yawan sayarwa mai bolt 48 da amfiya 100 kusan yunit 5 yake ɗauka. Guda ɗaya ba zai kai asuba ba. Mai son sanin kuɗin shekara sai ya raba kuɗin batir da inbatar sola da faifai da shekarun da ake sa ran za su yi. Ga shago ko ofis da ke bukatar sanyi da rana tsaka, sola ta fi biya sosai, domin lokacin zafi shi ne lokacin rana.

Shin inbata na biyan kuɗinsa?

Esi mai inbata ba ya tsayawa ya tashi. Kwamfiresonsa yana rage gudu ne in ɗaki ya yi sanyi, ya ci gaba a hankali. Masu talla sukan ambaci ragin kashi 60 ko 70, amma wannan lamba ce ta yanayi mafi dacewa. Ribar inbata tana fitowa ne a ɗaki rufaffe da ake barin esi awanni da yawa. A ɗakin da zafi ya fi ƙarfin na'urar, ko shagon da ƙofa ke buɗe, zai yi ta gudu da cikakken ƙarfi kamar kowane esi.

Mu ɗauki ragin kashi 30. Ga mai rukunin A naira 112,000 ke nan a shekara. In bambancin farashi tsakanin mai inbata da marar shi naira 150,000 ne, cikin wata 16 ya mayar da kuɗinsa. Ga mai biyan naira 70 wanda ba ya tayar da janareta, ragin naira 35,000 ne, sai ya haura shekara huɗu. Amsar ta danganta da farashin wutarka. Ga mai janareta ko sola kuwa inbata yana da ƙarin amfani, tun da yana tashi a hankali ba tare da fizga ba. Rauninsa shi ne allon lantarkin da ke cikinsa ba ya jure wutar da ke hawa tana sauka, kuma gyaransa da tsada, don haka kuɗin sitabilaiza ya shiga lissafi.

Esi na hannu da ake shigowa da shi daga waje shi ne akasin haka: araha a kasuwa, tsada a mita. Tsohon kwamfireso yana jan wuta fiye da abin da takardarsa ta ce, yana ba da sanyi ƙasa da haka. Araha ba ta ado.

Inda kuɗin ke zurarewa

Cikin lambobi huɗun nan, farashi ba a hannunmu yake ba, wat kuma an gama shi ranar saye. Awanni da kason aikin kwamfireso su ne namu, kuma a nan ne ragin gaske yake.

Na farko rimot. Al'adarmu ce a danna 16 da zarar an shigo. Esi marar inbata sanyi iri ɗaya yake hurawa ko 16 aka sa ko 25. Lambar tana faɗa masa lokacin da zai tsaya ne kawai, kuma ɗakin Afrilu ba zai kai 16 ba, don haka kwamfireso ba zai huta ba. Hukumar kula da ingancin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kusan kashi 6 na wuta, kuma daga Janairun 2020 ta wajabta sababbin esi su fito daga masana'anta a kan digiri 24. Bisa wannan ƙiyasin, tashi daga 18 zuwa 25 yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku. In aka haɗa da fanka, 26 ma ya isa barci. Fankar silin wat 75 ce, sai fanka 16 suka kai esi ɗaya.

Na biyu ƙura. Hunturu yana toshe ragar tace iska da haƙarƙarin na'urar waje, sai mu shiga bazara da su a haka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce tsabtace raga kaɗai yana rage kashi 5 zuwa 15 na cin wuta, a ƙasar da ba ta san ƙurarmu ba. Wanke raga aikin minti goma ne da ruwa. Wankin na'urar waje kuma a yi shi a Fabrairu, kafin masu gyara su yi wuyar samu. Game da gas ɗin esi, ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufe. In ya ragu to akwai inda yake fita, kuma ƙara gas duk shekara ba tare da like wurin ba asarar kuɗi ce sau biyu, domin esi mai ƙarancin gas yana aiki ba tsayawa.

Na uku ɗakin kansa. Esi zafin da ya shigo yake kwashewa, kuma yawancinsa ta rufi da tagar yamma yake shigowa. Kwano marar silin, ko silin marar abin tare zafi a samansa, yana mayar da ɗaki tanda har tsakar dare. Magabatanmu da suka yi ginin tubali mai kauri da rufin azara da ƙananan tagogi sun magance wannan tun kafin lantarki. Mun bar wancan muka koma bulo mai rami da gilashi mai faɗi, yanzu muna biyan bambancin ga kamfanin wuta. Labule mai kauri, toshe ƙasan ƙofa, farin fenti a rufi, darbejiya a yammacin gida, da inuwa ga na'urar waje ba tare da tare mata iska ba, kowanne yana sauko da kason aikin kwamfireso. A busasshiyar bazara kafin ruwa ya sauka, na'urar sanyi mai amfani da ruwa, wadda ba ta cika wuce wat 200 ba, tana aiki sosai. Da damina ce take gazawa.

Mita ce alƙali

Duk wannan ƙiyasi ne, kuma mai mitar kati yana da hanyar tabbatarwa. Rubuta yunit ɗin da ke fuskar mita da ƙarfe goma na dare da kuma shida na safe, dare ɗaya da esi, dare ɗaya babu. Bambancin shi ne ainihin cin esinka, a ɗakinka, da rimot ɗinka. Yi haka sau ɗaya a kowane yanayi, ka ninka da kwanakinsa, ka sami lissafin da ya fi na kowane kamfani daidai.

A gidan haya mai mita ɗaya wannan gwajin yana kashe rigima. Ba adalci ba ne mai fanka da ƙwai biyu ya raba kuɗi daidai da mai esi, wanda dare ɗaya nasa ya kai sati na maƙwabcinsa. Ƙaramar mita ta ɗaki ta fi araha a kan zumuncin da zai lalace. Haɗa esi ta bayan mita kuwa, da wasu ke yi, cin haƙƙi ne, yana ƙara wa taransifomar unguwa nauyin da ba a lissafa da shi ba, kuma irin wannan haɗin waya na ɓoye yana cikin abubuwan da ke jawo gobara.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a rahotonta na 2018 esi da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar duniya baki ɗaya. Yankinmu, wanda ya fi kusan ko'ina bukatar sanyi, yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin samunsa. Ga tsoho mai hawan jini, da jariri, da mai juna biyu, ɗaki mai sanyi a Afrilu ya wuce jin daɗi, magana ce ta lafiya. Shi ya sa lissafin nan yake da muhimmanci. Gidan da ya san cewa esi ɗaya zai ci yunit 1,600 ko 1,700 a shekara, rabinsu a bazara, zai iya yanke shawara da hankali: ya sanyaya ɗaki ɗaya mai silin maimakon uku, ya sa 25 da fanka, ya tara kuɗin kati tun ana sanyi, ya sa masu rauni a wannan ɗakin. Gidan da bai lissafa ba yakan ƙone kuɗinsa a Maris, ya kashe na'urar a Afrilu lokacin da aka fi bukatarta. Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki rasitin katinka da biro, ka yi wannan lissafin da lambobin gidanka.